Ɗan'azumi Ya Wanke Shaida

Duk wanda ya zauna Zongon Yamai a shekarun farko na samun ƴancin kai ya san Ɗan'azumi, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Mutumin Dogon Dutsi ne, dogo siriri, ga wuya, ga baki. Shekara tara ya yi yana boyi a gidan wani kumandan Nasara, kuma a cikin shekarun nan tara babu ranar da bai ba da labarinta sau uku ba. In ka ce masa yau ana zafi, sai ya ce ai ba ka tsaya gaban murhun kumandan ba. In ka ce ɗanka ya fara haƙori, sai ya ce kumandan ma haƙorin zinariya gare shi, kuma shi ke wanke masa.

Da kumandan ya tattara ya koma ƙasarsu, abu biyu ya bar masa: tsohon dutsen guga, da wata takarda mai cewa Ɗan'azumi mutum ne mai tsabta. Takardar nan ce ta kai shi inda ya halaka kansa.

A bayan wata kwamisariyar ƴan sanda akwai wani ɗaki mai rufin kwano da ake kira mangaza. Nan ake ajiye kayan da aka kama kafin ranar shari'a: kayan sata, wuƙar da aka yi faɗa da ita, rigar da aka yage, kwadon da aka fasa. Kowane kaya da zarensa, da ƴar takarda mai lamba, da ɗigon jan kaki a kan ƙullin. Akawun da ke riƙe da ɗakin, wani ɗan Dahome, ya koma gida, kuma babu ɗan sandan da ya yarda ya gaje shi saboda wari. Sai aka ce a ɗauko farar hula, a gwada shi wata guda. In kwamisar, shugaban ƴan sandan wurin, ya gamsu, ya sa hannu a takarda, mutum ya zama cikakken ma'aikacin gwamnati har tsufansa. Ɗan'azumi ya kai shaidar kumandan, aka ɗauke shi gwaji, kuma takardar kwamisar ɗin nan ita yake kwana da ita yana tashi da ita.

Wanda ya ba shi makulli shi ne Birgadiye Issoufou, ɗan sanda mai igiya, wani ƙaton Bazabarme da ba ya ɓarnar magana.

"Aikin ga abu ukku ne," in ji shi. "Ka amsa, ka aje, ka ruhe. Ranar shari'a ka kai tirbinal abin da anka kira lambarshi. Ka ji?"

"Birgadiye, ai wanda ya riƙa makullin kabad ɗin kumandan shekara tara..."

"Ban tambaye ka kumandan ba. Ka ji?"

"Na ji."

Bai ji ba. Washegari aka tura Birgadiye Tilaberi rakiyar fursunoni na kwana goma, kwamisar kuwa ko da kuskure ba ya bi ta bayan ginin. Kura ta samu makullin garke, sai dai ita wannan kurar sabulu take ci.

Kafin la'asar duk Zongo ta ji cewa an naɗa Ɗan'azumi Direktan Shaidu na Jamhuriya, a riƙa ce masa Mushe, wato yallaɓai a bakin Faransa. Ya tsaya shagon Harouna tela ya ce a auna shi kaki mai aljihu huɗu. Da ya isa gida, matarsa Rabi tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Malam, takarda ba ta hito ba, ka riga ka yi mata ɗaki har huɗu?"

"Ke mi kika sani ga aikin gwamnati?"

"Na san wanda ya riƙa shi shiru yake yi."

Da safe ya buɗe mangaza, wari ya mare shi, ya ja da baya. Da idonsa ya saba da duhu sai ya ga abin da ya kusa sa shi kuka, kuma kukan na gaske ne, don mutumin yana son tsabta har zuciyarsa. Ga wuƙa kwance kan zane, ga tukunya kusa da takalmi, ga riga duk jini an cusa ta cikin buhu. Takardun lambobin sun yi baƙi ƙirin, zaren ya yi maiƙo. Ya riƙe ƙugu ya girgiza kai. Ashe haka ake tafiyar da ƙasa? Nan take ya yanke shawara. Ranar Alhamis ta sama akwai zaman tirbinal, wato kotu, sabon alƙali zai zauna, kwamisar zai halarta. A ranar zai nuna musu kayan shaidar da ba a taɓa ganin irinsu ba tun da aka kafa Yamai, kwamisar ya sa hannu a takarda kafin ya tashi daga kujera.

Da takardun lamba ya fara. Ya tsinke su kaf, guda arba'in da bakwai, ya kankare jan kakin da farce, ya zuba a murhun mai shayi. Daga nan ya shirya kaya yadda masu hankali ke yi: wuƙaƙe wuri ɗaya daga babba zuwa ƙarama, tufafi wuri ɗaya, ƙarafa wuri ɗaya. Akwai garewani uku na man gyaɗa, kowanne rabi-rabi, waɗanda aka kama don ana zargin ɗaya daga ciki an haɗa shi da wani abu. Ya juye su suka zama ɗaya da rabi, ya yi murna ya samu fili.

Rana ta biyu ya ɗaure tufafin ya sauka bakin kogin Isa, wajen masu wanki. Akwai farar rigar wani direba mai suna Bitrus, wanda aka yanka a kafaɗa a wani faɗan tasha. Jinin ya bushe ya ƙi fita. Ɗan'azumi ya jiƙa ta da toka, ya buga ta kan dutse, ya sa mata bula, sai da ta yi fari fes. Wata tsohuwa mai wanki ta leƙo.

"Ɗana, wannan ba jinin mutum ba ne?"

"Da ne, Inna. Yanzu an samu ƴanci."

Ya kai rigar wurin Harouna tela ya ce a ɗinke yagewar. Harouna ya sa yatsa cikin ramin, ya dube shi ta saman tabarau.

"Mushe Direkta, wannan ba ƙusa ta yi shi ba, wuƙa ce. Ka tabbata ana so a ɗinke?"

"Harouna, kai da ka tsufa kan keke, yaushe ka taɓa ganin an kai tsumma gaban alƙali? Gidan kumandan ko tsumman goge tabur sai an yi mishi guga."

"To ba gidan kumandan za a kai ta ba."

"Ɗinka, ko in kai wa wanda ya iya."

Nan ya taɓa Harouna inda ke masa ciwo. Ya zauna ya yi ɗinkin da ko shi kansa sai ya lalubo kafin ya gane wurin.

Rana ta huɗu ta maƙeri ce. Cikin ƙarafan akwai kwado da aka fasa da guduma a wani shago, akwai kuma tiyar awon hatsi ta wata Hajiya Zinariya, wadda aka buga gindinta ya shige ciki don ta riƙa cin mutane a awo. Maƙerin ya juya tiyar, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wanda ya lotsa wannan gwani ne. Ka san mi ya sa anka lotsa ta?"

"Sakaci. Mutanenmu ba su san riƙon kaya ba."

"Allah shi ƙara maka basira, Direkta."

"Amin," in ji Ɗan'azumi, da zuciya ɗaya.

Maƙeri ya buge gindin tiya ya daidaita, ya gyara kwado har ya yanka masa sabon makulli. Wuƙaƙe goma sha ɗaya aka wasa su, aka goge da yashi. Zuwa yamma labari ya zagaye Zongo. Masu shari'a a wuyansu suka fara gaishe shi tun daga nesa, har da cire takalmi. Wani da ake tuhuma da fasa shago ya tare shi a hanya ya riƙe hannunsa da hannu biyu, yana ta sa masa albarka. Ɗan'azumi ya isa gida yana cewa yau talakawa sun gane darajar ma'aikaci.

"Wane irin talakawa?" in ji Rabi. "Tun da nike ban taɓa ganin ɓarawo na yi wa mutum addu'a banza ba."

"Hassada ce ke cin ki."

"Ni da ke cin tuwonka in yi maka hassada? Malam, garin gyaran gira fa ake rasa ido."

Saura rago. Shi ma kayan shaida ne, yana ɗaure gindin bishiyar bedi a bayan mangaza, da takardar lambarsa a ƙaho kafin a tsinke ta. Wata bazawara ce mai suna Kande, daga Kirkisoye can ƙetaren kogi, ta yi wata takwas tana turke shi don sunan jikanta na fari. Aka sace shi, aka same shi a hannun wani mahauci mai suna Tankari. Tankari ya rantse nasa ne, fari ne sol ba alama. Kande ta ce ƙarya yake, ita da kanta ta kwaɓa lalle ta dangwala tafin hannunta a bayan ragon, kuma a gaban alƙali za ta ɗora hannunta a wurin kowa ya gani. Kullum sai ta biyo kwalekwale da ƙullin dussa a ka. Kullum Ɗan'azumi ya karɓi dussar a bakin ƙofa ya hana ta shiga.

"Doka ce, Inna. Ba a ganin shaida sai ranar shari'a."

Cikin dokokin duniya duka, wannan kaɗai ya riƙe.

"To ɗana, ka kula mini da shi. Haihuwa ta zo, suna ran Asabar. Ba ni da wani sai shi."

"Kwantar da hankalinki. Randa kika gan shi ba ki gane shi."

Ranar Laraba ya shiga wa rago da bokiti da sabulu da buroshi. Rago ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya ja baya ya tunkuye shi a ciki, Direkta ya zauna cikin bokiti. Ya tashi, rago ya sake tunkuɗa shi, ya faɗa cikin kwata. Masu sayar da goro a bakin katanga suka hau ba da shawara, wani ya ce a kama ƙaho, wani ya ce a kira kumandan. A karo na uku ya danne ragon da gwiwa ya wanke shi tas. Amma jan tabon nan na baya, mai yatsu biyar, ya ƙi fita ko da yashi. Ɗan'azumi ba mutum ne da datti ke kayarwa ba. Ya ɗauko almakashi ya bi gashin wurin ya datse, ya daidaita sauran bayan don kada a ga rami, ya share gashin ya zuba a kwata.

Ranar Alhamis ya sa kaki mai aljihu huɗu, sitati ya sa shi tsayawa da kansa. Ya jera kayan a kan amalanke, ya lulluɓe da farin zane, rago na biye da jan ƙyalle a wuya. Da gangan ya bi ta tsakiyar Zongo, ko da yake hanyar ba ta nan take ba. Mutane suka biyo shi, Harouna ya rufe shago, maƙeri ya kashe wuta, Rabi ta yafa mayafi ta bi baya-baya tana salati. Kafin a isa tirbinal taron ya fi na kasuwa.

Alƙalin saurayi ne ɗan Damagaram, bai daɗe da dawowa daga karatu a Dakar ba, ba ya buƙatar tafinta kuma ba ya ɗaga murya. Kwamisar na zaune gefe da wata takarda a cikin jaka. Birgadiye Issoufou, wanda ya sauko daga motar Tilaberi da safen nan, yana tsaye bakin ƙofa da ƙurar hanya a gira.

Akawun tirbinal ya kira ƙarar farko. "Kaya mai lamba goma sha biyu."

Ɗan'azumi ya yaye zanen da hannu ɗaya. Wuƙaƙe suka ɗauki rana suka watsa wa jama'a a ido.

"Ranka shi daɗe, lambobin ga sun yi datti, na zubar. Amma a hwaɗa mini irin kayan, yanzu in miƙo shi."

Birgadiye ya runtse ido, ya jingina da ƙofa.

"Riga ce," in ji alƙali a hankali. "Mai jini, yagaggiya a kafaɗa."

Ɗan'azumi ya miƙa ta a ninke, da karin guga. Bitrus direba, wanda hannunsa ke rataye har yanzu, ya warware ta, ya juya gaba, ya juya baya.

"Ranka shi daɗe, rigata ce. Amma ko randa na saye ta ba ta kai haka kyau ba."

Wanda ake tuhuma da yankan ya miƙe da sauri. "To a nuna mini inda na yanka."

Aka kira tiya. Akawu ya cika ta da gero, ya juye a tiyar gwamnati, ta cika cif ba ragi ba ƙari. Hajiya Zinariya ta ɗaga hannu sama ta ce Allah ya wanke ta, wani daga baya ya ce ba Allah kaɗai ba, har da maƙeri. Aka kira kwadon da aka fasa, Ɗan'azumi ya rufe shi ya buɗe shi sau biyu don a ji ƙarar sabon makulli. Aka tambayi wace wuƙa ce ta faɗan tasha, ya ce a zaɓi kowace, duk suna ci.

Sai aka shigo da rago. Kande ta taso tana murmushi, ta naɗe hannun riga, ta zagaya bayansa da tafinta a buɗe. Ta tsaya. Ta sake zagayawa. Hannun ya rage a sama ba inda za ta ɗora shi, kuma a nan dariyar jama'a ta mutu, don ba wanda bai ga fuskarta ba.

"Na ce hwari ne sol," in ji Tankari mahauci, yana gyara hula. "Ga shi kowa ya gani."

Alƙali ya ajiye alƙalami. Ya dubi Ɗan'azumi, sa'an nan ya yi magana da murya mai laushi.

"Malam, wa ya yi wannan aiki haka?"

Ɗan'azumi ya ji lokacinsa ya zo. Ya taka gaba, ya ƙame.

"Ni kaɗai, ranka shi daɗe. Ba wanda ya kama mini."

"Da wuya kuwa. Ragon nan fari ka same shi?"

"Ina hwa! Da ka ga bayanshi da ba ka ci tuwo ba. Wani jan tabo ne, tafin hannu sak, yatsu biyar, ƙaramin ma a karkace. Sabulu ya kasa, yashi ya kasa, sai da na sa almakashi."

Kande ta ɗaga hannunta. Ƙaramin yatsan a karkace yake. Tankari ya fara neman ƙofa da ido, ya tarar Birgadiye ya cika ta.

"Akawu, rubuta," in ji alƙali. "Rigar fa?"

Da Ɗan'azumi ya ga ana rubutawa sai ya ɗauka yabonsa ake shigarwa cikin takardun gwamnati, ya saki baki. Ya faɗi tsawon yagewar da faɗin jinin. Ya kwatanta zurfin lotsawar tiya da yatsa biyu, ya ce ga maƙeri nan a tambaye shi irin wahalar da ta ba su. Ya faɗi inda guduma ta sami kwado. Hajiya Zinariya ta sauke hannunta a hankali. Mai yankan ya koma ya zauna. Waɗanda jiya ke cire masa takalmi suka bi shi da kallon da ake yi wa maciji a ɗaka, shi kuwa sai ƙara wa miya gishiri yake yi, yana waiwayen kwamisar ya ga ko an fito da takarda.

An fito da ita. Kwamisar ya zaro ta daga jaka, ya ninke biyu, ya yage, ya sake ninkewa ya yage, ya miƙa hannu.

"Makulli."

"Mushe Kwamisar, ban gama bayanin man gyaɗa ba."

"Makulli."

Ya ciro shi daga aljihu na huɗu ya miƙa. Sai a lokacin ya waiwaya ya ga Harouna ya sunkuyar da kai, ya ga Rabi ta rufe fuska da mayafi.

Alƙali ya ba Kande ragonta, ya ce a riƙe Tankari. Sa'an nan ya duba babban littafin akawu.

"Ƙara arba'in da bakwai ke da kaya a ɗakin nan. Yau mun taɓa huɗu. Sauran, abin da ya rage na shaidarsu duka yana cikin kan mutumin nan, ba shi a ko'ina kuma. In ya fita ƙofar nan, akwai mutum arba'in a gari da za su so kan ya ɓata. Birgadiye, me ake yi da kayan shaida?"

"A amsa, a aje, a ruhe, ranka shi daɗe."

"To a yi masa haka, har a gama. Tasa shari'ar ita ce ta ƙarshe."

Birgadiye bai yi dariya ba. Ya ciro zare, ya ɗaura a maɓallin aljihun kaki, ya rataya ƴar takarda, akawu ya ɗiga jan kaki. Aka mayar da shi ta hanyar da ya zo, ta tsakiyar Zongo, yana tura amalanken da kansa. A mararraba suka rabu da Kande, ta ja ragonta ta nufi bakin kogi, ba ta ko dube shi ba.

Washegari da hantsi Rabi ta zo bayan kwamisariya da kwanon tuwo, da bokitin ruwa, da guntun sabulu. Daga cikin mangaza ana jin muryar mijinta, ta dushe, yana roƙon ko tsintsiya a ba shi. Birgadiye Issoufou na zaune bakin ƙofa da makulli a wuya. Ya buɗe kwanon ya duba, ya tura shi ciki. Ya dubi bokitin, ya mayar mata da shi da ƙafa.

"Birgadiye, mutumin ga tun da na aure shi bai taɓa wuni bai yi wanka ba."

"Ki yi haƙuri, Rabi. Tuwo shi shiga, sabulu shi koma gida. Alƙali ya ce a kawo shi yadda anka aje shi."